Darasi: Idan Mai Bin Bashi Ya Dame Mu Da Waya

Wannan darasi domin karantawa ne a taron ƙungiya. Magatakarda ya karanta shi da ƙarfi, a hankali, ya riƙa tsayawa domin waɗanda ba su iya karatu ba su sami damar tambaya. In lokaci ya ƙure, a raba shi zama biyu. A gayyaci mata da samari su zauna, gama yawancin manyan wayoyin da ke gidajenmu a hannunsu suke.

Dukanmu mun san bashi. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Manomi kuwa ya fi kowa saninsa, domin kuɗinsa yakan fara fita tun bazara, ba ya dawowa sai kaka. Tsakanin nan akwai iri, da taki, da maganin ciyawa, da 'yan ƙwadago, ga kuɗin makaranta, ga asibiti. A da, wanda ke binmu bashi mutum ne da muka sani. Yakan zo ƙofar gida ya yi sallama, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa ruwa. In magana ta yi zafi a je gaban mai unguwa ko dattawa. Ya san gobe za mu haɗu a kasuwa, saboda haka akwai iyakar abin da bakinsa zai faɗa.

Yanzu wani irin mai bin bashi ya shigo, wanda ba mu taɓa ganin fuskarsa ba. Yana zaune a wani ofis a birni, da waya a kunne, da jerin sunaye a gabansa. Aikinsa ke nan daga safe har dare. Bai san ko an yi ruwa a garinmu ba, bai san ko tsutsa ta ci masara ba. A kansa ne za mu yi nazari yau: abin da doka ta yarda ya yi, abin da ta hana shi, da abin da ya kamata mu yi in ya kira.

Yadda tarkon yake

Yawancin wannan fitina daga manhajojin ba da bashi take fitowa, watau 'yan shagunan bashin nan da ake saukarwa cikin babbar waya. Ba su neman jingina, ba su neman mai tsaya maka. Lambar BVN, da hoton fuska, da lambar asusun banki, cikin 'yan mintoci kuɗi ya shigo. Ga mutumin da ɗansa ke kwance a asibiti da dare, wannan ba ƙaramin taimako ba ne a ganinsa.

Amma kafin kuɗin ya shigo, manhajar takan yi waɗansu tambayoyi da Turanci. Ka yarda in ga lambobin da ke cikin wayarka? Ka yarda in ga hotunanka da saƙonninka? Mutum yana sauri, sai ya danna, ya sake dannawa. To, jinginar ke nan. Ba gona ya jinginar ba, ba saniya ba, mutuncinsa ya jinginar. Lambar surukinsa, da ta fastonsa, da ta malamin 'ya'yansa, da ta dillalin da yake sayar wa waken soya, duka sun tafi hannun kamfanin.

Bari mu yi ɗan lissafi. Misali ne kawai, kowa ya gwada shi da abin da ya gani. A ce mutum ya nemi naira 20,000. Aka cire 6,000 tun farko da sunan kuɗin hidima, 14,000 suka shigo masa, aka ce ya biya 20,000 bayan kwana 7. Watau a kan kowace naira 100 da ta shiga hannunsa yana biyan ruwan kusan naira 43 cikin mako guda. Masara kuwa ba ta nuna cikin mako guda. Ko mai saurin nuna tana bukatar wajen wata 3. In ya yi ta biyan 6,000 ɗin nan kowane mako yana sabunta bashin har mako 14, ya biya 84,000 ke nan, ninki shida na abin da ya karɓa, uwar kuɗin kuma tana nan ba ta motsa ba. Magatakarda ya rubuta wannan lissafi a allo kowa ya gani. Bashin kwana 7 ba domin manomi aka yi shi ba.

Ranar biya in ta zo, wani lokaci ma tun ba ta zo ba, sai kira ya fara. Da fari da ladabi. Sa'an nan kira ya yawaita, daga lambobi dabam dabam, har tsakar dare. Sa'an nan zagi. Daga nan sai saƙo ya tafi ga dukan mutanen da ke cikin wayar: wane ɓarawo ne, ya gudu da kuɗin kamfani, ana nemansa. Waɗansu an haɗa hotonsu da sanarwar mutuwa alhali suna da rai. Waɗansu an yi musu ƙaryar mugun ciwo. Akwai waɗanda kunya ta hana su zuwa sujada da kasuwa. Akwai waɗanda suka ci bashi a manhaja ta biyu domin su biya ta fari, ta uku domin su biya ta biyu, ana gudun gara ana faɗawa gidan zago. Akwai ma waɗanda abin ya kai su ga tunanin kashe kansu, a kan kuɗin da bai kai na akuya ba.

Magana biyu ce, kada mu haɗa su

Mu daidaita abu ɗaya tukuna, kada wani ya fita daga taron nan ya ce an koya masa hanyar cinye kuɗin mutane. Wanda ya ci bashi ya biya. Mu da muke da asusun ƙungiya mun san zafin rashin biya, gama in mutum uku suka riƙe kuɗi, mutum goma ba za su sami taki ba. Mai bin bashi yana da iko ya tuna mana, ya kira mu a lokacin da ya dace, ya rubuto takarda, ya kai mu kotu. Duk wannan hakkinsa ne.

Amma bashi magana ɗaya ce, cin mutunci kuma magana ce dabam. Wanda ake bi naira dubu goma, naira dubu goma ake binsa. Ba a binsa barcinsa, ba a binsa sunan gidansu, ba a bin matarsa ko surukarsa kome. Masu kiran nan suna so mu ɗauka cewa tun da mun makara, ba mu da sauran bakin magana. Doka ba ta ce haka ba.

Abin da doka ta ce

Mu fara da uwar dokoki, watau Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999. Sashe na 34 ya ce a girmama mutuncin kowane mutum. Sashe na 37 ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya. Ba a ce ban da wanda ake bi bashi ba.

Sai dokar kare hakkin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar da ake kira FCCPC, mai babban ofis a Abuja. Sashe na 124 na wannan doka ya hana kamfani, ko wanda yake yi masa aiki, yin amfani da ƙarfi, ko tilastawa, ko tsangwama, ko dabarun zalunci wajen neman kuɗinsa. A lura da wannan wuri: ko wanda yake yi masa aiki. Kamfani ba zai wanke hannu ya ce ai yaran da muka ɗauka ne suka yi zagin ba.

Babban Bankin Nijeriya shi ma ya fito da nasa ƙa'idoji a watan Disamba 2019, domin manyan bankuna da ƙananan bankunan da ke ba masu ƙaramin ƙarfi rance. Abu uku a ciki sun isa kowa ya haddace. Ba za a kira mutum ko a je wurinsa neman bashi tsakanin ƙarfe 9 na dare da ƙarfe 8 na safe ba, sai da yardarsa. Ba za a tuntuɓi abokansa, ko danginsa, ko maƙwabtansa, ko maigidansa na wurin aiki ba, sai dai domin tambayar adireshinsa, ko lambar wayarsa, ko yana da aiki, in ba wanda aka tuntuɓa ɗin ya tsaya masa ko ya yarda a neme shi ba. Ba kuwa za a ce wa ɗaya daga cikinsu ya biya ba, sai wanda ya tsaya masa. Waɗannan ƙa'idoji a kan waɗanda Babban Banki ya ba lasisi suka hau. Manhajoji da yawa ba su cikin wannan layi, su FCCPC ce ke lura da su.

A watan Yuni 2023 kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan mutane, aka kafa hukumar NDPC. Bisa ga wannan doka sunan mutum, da lambarsa, da hotonsa, ba kayan tsintuwa ba ne. Wanda ya karɓe su domin wani dalili ba zai juya su ga wani dalili dabam ba, mai su kuma yana da iko ya janye yardarsa. Masu manhaja sukan ce, ai kai ka danna ka yarda. To, ko da ya yarda, shi kaɗai ya yarda. Surukinsa bai danna kome ba.

Wani zai tambaya, an taɓa hukunta wani kuwa? An yi. A watan Agusta 2021 hukumar NITDA ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 saboda aika saƙonni ga mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. A watan Maris 2022 FCCPC, tare da waɗansu hukumomi, ta kai samame ofisoshin irin waɗannan kamfanoni a Ikeja ta Legas, aka kuma rufe asusun waɗansunsu na banki. A watan Agusta na shekarar ta ce kowane mai ba da bashi ta waya ya yi rajista a wurinta. Daga ƙarshen watan Mayu 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin bashi da ke shagonsa na Play Store taɓa lambobi da hotunan mutane. A 2025 FCCPC ta sake fito da ƙa'idoji masu tsanani, waɗanda suka tanadi tara har naira miliyan 100, ko kashi 1 cikin 100 na cinikin kamfani, da dakatar da shugabanninsa har shekara 5.

Duk da haka kada mu ruɗi kanmu. Ana rufe ɗaya, sai ta sake suna ta dawo. Da Google ya rufe ƙofa, waɗansu suka koma turo manhajarsu ta WhatsApp ko saƙon tes. Manhajar da aka turo mana haka, mu ɗauke ta kamar naman da aka kawo da dare, ba mu ga yankansa ba. FCCPC tana da jerin sunayen waɗanda ta amince da su a shafinta na intanet, wani yaro mai karatu ya duba mana kafin mu danna kome.

Wani abu kuma. 'Ya'yanmu sukan ga bidiyo a waya ana cewa in ka rubuta wa mai bin bashi takarda ka ce ya daina nemanka, tilas ya daina, kuma kada kiransa ya wuce sau 7 cikin kwana 7. Gaskiya ne, amma a Amurka. Dokarsu ce ta 1977, da ƙa'idar da suka ƙara wadda ta fara aiki a 2021. Ba ta aiki a kotunanmu. Mu riƙe namu sassan da muka ambata.

Wanne ne kurari, wanne ne gaskiya?

Nan ne ya kamata a daɗe ana tattaunawa, domin tsoro yakan sa mu ji tsoron abin da ba zai faru ba, mu manta da wanda zai faru.

Sukan ce, "'Yan sanda suna hanya." Dokar 'Yan Sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, bashi kuwa yarjejeniya ce. Sashe na 36 ya hana kama wani a madadin wani, watau ba a kama mace domin mijinta, ko uba domin ɗansa. Kotun Ƙoli ta sha faɗa cewa 'yan sanda ba masu karɓar bashi ba ne, a wata shari'a ta 2018 kuma ta faɗi haka game da EFCC. Mun sani akwai wuraren da har yanzu ake tsare mutum a caji ofis a ce sai an kawo kuɗi. Ana yi, amma saɓa doka ne, kuma wanda aka yi wa yana da ikon kai ƙara. Sai dai a yi hattara: wanda ya ci bashi da sunan ƙarya, ko da takardun jabu, ko ya ba da cek alhali ya san ba kuɗi a asusu, wannan ya fita daga bashi ya shiga laifi, darasin nan ba zai cece shi ba.

Sukan turo takarda mai tambari su ce sammaci ne. Sammacin gaskiya yana ɗauke da sunan kotu, da lambar shari'a, da ranar zama. A ɗauki takardar a je kotun a tambayi magatakarda. In ƙarya ce, an sami shaida a kansu. In gaskiya ce, lalle a je ranar, gama wanda ya ƙi zuwa ana iya yanke hukunci a bayansa. Wanda ya je kuwa yana iya cewa a duba lissafin, ya kuma roƙi a raba masa biyan.

Sukan ce, "Gobe za mu zo mu kwashe kayan gidanka." In ba jingina muka bayar a rubuce ba, ba mai taɓa babur ko buhun hatsinmu sai kotu ta yanke hukunci, kuma ma'aikatan kotu ne ke zuwa, ba 'yan daba ba.

Sukan ce, "Za mu rufe BVN ɗinka." Yaron da ke kan waya ba shi da wannan iko. Amma a bayan wannan kurari akwai gaskiya guda biyu. Ta fari, bisa ga dokar 2017 akwai kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane, su ne CRC, da FirstCentral, da CreditRegistry. In an kai sunan mutum can a kan bai biya ba, ranar da zai nemi rancen noma a banki za a gani, a hana shi. Kowa yana da ikon neman rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara, ya kuma nemi gyara in an rubuta kuskure. Ta biyu, daga ranar 1 ga Agusta 2020 Babban Banki ya fara wani tsari da ake kira GSI. Wanda ya sa hannu a kansa sa'ad da yake karɓar rance, in ya ƙi biya, bankin yana iya ɗebe kuɗin daga asusunsa da ke wani banki dabam. Saboda haka gudu daga wannan banki zuwa wancan ba mafita ba ne. Jefar da layi ma haka, gama bashin ba a cikin layin yake ba.

Gwauraye su ma akan tsorata su. In mutum ya rasu da bashi, daga abin da ya bari ake biya. Matar ba ta zama mai bashin ba domin ta aure shi, sai in ita ma ta sa hannu.

In waya ta yi ƙara

Mu amsa sau ɗaya, da natsuwa. Kada mu rama zagi, domin suna iya ɗaukar muryarmu su nuna. Abin da za mu ce bai da yawa: "Malam, na ji. Faɗa mini sunanka da sunan kamfaninku. Ka aiko mini da lissafin a rubuce, nawa na karɓa, nawa ne ruwa, nawa na riga na biya. Kada ka kira ni da dare, kada kuma ka nemi mutanena." Wanda Turanci ya yi masa wuya ya ce a rubuto, sa'an nan ya nemi amintacce ya karanta masa.

In bashin gaskiya ne, mu faɗi abin da za mu iya biya da ranar da za mu iya, mu aika a rubuce. Gara mu ce 2,000 kowace ranar kasuwa mu cika, da mu ce gobe za mu biya duka domin a kyale mu, gobe ta zo ba kome. In za mu biya, mu biya cikin asusun da ke ɗauke da sunan kamfanin, ba asusun mai kiran ba, mu ajiye rasit. In mun gama, mu nemi a rubuto mana cewa an gama. Lambar sirri ta katin banki, da lambar nan da banki ke turowa ta tes, ba a faɗa wa kowa su a waya, ko da ya rantse shi manajan banki ne.

Sa'an nan shaida. Yawancinmu in muka ga mugun saƙo, saurin share shi muke yi domin kada wani ya gani. Kada mu share. A ɗauki hotonsa. A sami littafin rubutu na 'yan makaranta, a rubuta rana, da lokaci, da lambar da ta kira, da abin da aka faɗa. A ɗauki hoton shafin manhajar inda aka nuna kuɗin da ranar biya kafin a cire ta daga waya. A shiga saitin waya a janye mata izinin ganin lambobi da hotuna, ko da yake abin da ta riga ta kwashe ya tafi. Bayan mun aika musu maganarmu a rubuce, lambar da ke zagi a toshe ta, a bar hanya ɗaya ta rubutu. Masu fama da tallan bashi ta tes su aika kalmar STOP zuwa 2442. Wannan yana rage talla ne kawai, ba ya hana mai bin bashi kira.

In a kan bashin wani aka neme mu

'Yan'uwa, wannan ne ya fi shafarmu a ƙungiya. Mu tambayi kanmu: saƙon nan mai cewa wane ɓarawo ne, wa aka rubuta wa? Mu aka rubuta wa. Mutumin da ke birni ba shi da hannun da zai kai garinmu. Hannunmu yake ara. Ya san in saƙon ya shigo wayar mutum talatin, ɗaya zai nuna wa matarsa, ɗaya zai faɗa a wurin niƙa, ɗaya zai tura wa wani yana dariya, kafin Lahadi kowa ya ji. Wannan ne ke sa mutum ya sayar da akuyar haihuwa, ko ya sayar da hatsin ci tun watan Yuni, domin ya rufe bakinsu. In muka ƙi yi masa wannan aiki, rabin ƙarfinsa ya ƙare.

Wanda aka sa lambarsa a takarda bai zama mai tsayawa ba. Tsayawa a bashi sai da yardar mutum, bisa ga doka kuma akan so ta a rubuce da sa hannunsa. In an kira mu, amsarmu gajeriya ce: "Ban ci bashinku ba, ban tsaya wa kowa ba, ku cire lambata." Kada mu yi alkawarin kome, kada mu amsa saƙon da ke neman mu ce mun yarda. Amma inda 'yan ƙungiya suka sa hannu suka tsaya wa juna a rancen banki, wannan dabam ne, banki yana da ikon nemansu. Shi ya sa ba a sa hannu a takardar rukuni sai an karanta ta a gaban kowa.

Muna ba da shawara kowace ƙungiya ta yanke wannan magana tun yau, kafin ta faɗa wa wani, a rubuta cikin littafin taro. Wanda ya sami irin wannan saƙo game da ɗan'uwa ba zai tura wa kowa ba, ba zai faɗa wa kowa ba. Zai ajiye shi domin shaida, ya je wurin mai shi a kaɗaice ya ce, "Ga abin da aka turo mini, yaya za mu yi?" Wanda abin ya same shi kuma, gara ya riga su. Ya gaya wa matarsa, ko ta gaya wa mijinta, a gaya wa shugaban ƙungiya: na ci bashi kaza a wuri kaza, na makara, wataƙila za ku ga saƙo. Maganar tana da nauyi a baki, amma asirin da mai shi ya buɗe da kansa ba ya zama makami a hannun wani. In kuma muka ga ɗan'uwa ya daina fitowa, ya daina cin abinci, ko yana maganar gara ya mutu, kada a bar shi shi kaɗai ko na dare ɗaya. A zauna da shi, a kai shi asibiti in ta kama. Lissafin kuɗi ya jira.

Inda za a kai ƙara

In banki ne ko ƙaramin banki, a fara rubuta wa bankin kansa, a karɓi lambar shaidar ƙara. In mako 2 ya wuce ba a gyara ba, ko kwana 30 in maganar lissafin rance ce, a kai sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki. In manhaja ce, a kai FCCPC. In an taɓa lambobin mutane ko an baza hoto, a kai NDPC, kuma wanda aka tura wa saƙon shi ma yana da ikon kai tasa ƙarar, ba sai mai bashin ba. Hukumomin nan suna karɓar ƙara ta intanet. In an yi barazanar kisa ko duka, wannan na 'yan sanda ne, gama tsoratarwa da ɓata suna laifi ne a dokar Final Kod ta jihohin Arewa. Wanda aka tsare saboda bashi, ko yake bukatar lauya ba shi da hali, ya nemi ofishin Hukumar Taimakon Shari'a, wadda aka kafa tun 1976, ko na Hukumar Kare Hakkin Ɗan Adam a babban birnin jiharsa.

Takardar ƙara ba ta bukatar babban Turanci. Sunan manhajar, ranar da aka ci bashin, nawa aka karɓa, nawa aka biya, lambobin da suka kira, da hotunan saƙonni. Amsa takan yi jinkiri. Amma ƙarar mutum ɗaya da ta mutum goma a kan manhaja guda ba nauyinsu ɗaya ba, saboda haka magatakarda ya tattara su, ya tambayi ƙungiyoyin maƙwabta ko su ma an taɓa nasu.

Kafin taro mai zuwa, a zaɓi samari biyu, namiji da mace, su zauna da duk wanda ya yarda, su duba waɗanne manhajoji ne ke ganin lambobin wayarsa. Kada su tambayi kowa ko ya ci bashi. Shugaba da ma'aji kuma su zo da amsar wannan tambaya a tattauna: nawa za mu iya warewa daga asusu domin rancen gaggawa, wa zai riƙe shi, su wa za su sa hannu, kuma me ma'aji zai yi in ɗan ƙungiya ya buga masa ƙofa da ƙarfe goma na dare da yaro mai zazzaɓi a kafaɗa?